Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa: yadda muke koya wa yaran Zango lissafin tazarar lokaci

Rubuta wa 'yan aji uku ko aji huɗu wannan tambaya a allo: an zauna karatu ƙarfe 2:40 na rana, an tashi ƙarfe 4:15, awa nawa da minti nawa aka yi? Amsa ita ce awa ɗaya da minti 35. Amma idan ka karɓi littattafai, amsoshi uku ne za su yi ta maimaituwa. Wasu za su rubuta awa ɗaya da minti 75, wasu awa biyu da minti 25, wasu kuma awa uku da 'yan kai. Babu wadda aka yi da ka a cikinsu. Mai 75 ya jera 415 a kan 240 ya ɗebe, ya ari ɗari, domin duk abin da ya sani ɗari ne ke cika shi: a kuɗinmu na Ghana pesuwa ɗari sidi ɗaya, santimita ɗari mita ɗaya. Mai awa biyu da 25 ya cire ƙarami daga babba a kowane gefe, 2 daga 4, 15 daga 40, bai damu da wanne ne a sama ba. Mai awa uku kuwa da yatsa ya ƙirga, "biyu, uku, huɗu", ya haɗa da wurin da ya tashi.

Shi ya sa a azuzuwanmu na Zangon Kumasi, inda yara ke zuwa daga Aboabo da Asawase da kewaye, ba ma barin ɗebewa ta shigo da wuri. Ita ce ta ƙarshe. Kafin ita, yaro zai koyi tafiya gaba daga lokacin da aka fara har ya isa lokacin da aka gama, yana tara abin da ya ci a hanya.

Da farko sai an tabbatar yana karanta agogo, kuma a nan malamai da yawa ke yaudarar kansu. Yaron da ya duba waya ya ce "biyu da arba'in" lambobi ya karanta, ba lokaci ba. Gwajinmu gajere ne. A saita agogon bango a 2:55 a ce ya faɗa. Idan ya ce 3:55, bai gane cewa gajeren hannu tafiya yake yi a hankali tsakanin lamba da lamba ba. Ya gan shi dab da 3 sai ya ba shi 3. A saita dogon hannu a kan 4. Idan ya ce minti huɗu, ƙirgen biyar-biyar bai zauna masa ba. Duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin biyun nan, ba a tsallake da shi, domin duk abin da za a ɗora a kai rushewa zai yi.

Don wannan aiki agogon kwali da yara ke yankawa ba ya wadatarwa, ko da yake muna yin sa. Aibinsa shi ne hannayensa ba su san da juna ba: kana iya juya dogon ya zagaye sau goma, gajeren yana nan inda ka bar shi. Abin da ake bukata shi ne tsohon agogon bango na gaske, ko da ya mutu. A cire batir, a riƙa murɗa ɗan abin juyawa da ke bayansa. Yaro zai gani da idonsa cewa duk zagaye ɗaya na dogon hannu, gajeren ya matsa lamba ɗaya, kuma a ƙarfe biyu da rabi gajeren yana tsakiyar 2 da 3, ba a kan 2 ba. Agogo ɗaya ya ishi aji idan ana zagayawa da shi rukuni-rukuni, yara biyar ko shida a lokaci guda.

Akwai kuma abin da bakinmu ya riga ya raba mana, sai dai a nuna wa yara shi. "Ƙarfe uku" wuri ne a kan agogo, "awa uku" tsawon tafiya ne. Yaranmu Hausa suke yi a gida, Twi a titi, Turanci a aji, don haka sukan cakuɗa su rubuta 1:35 a matsayin amsa, kamar ana tambayar su ƙarfe nawa. Dokarmu ita ce amsar tazara ba ta ɗaukar ɗigo biyu. A rubuta ta da kalmomi: awa 1 da minti 35. Sai "saura kwata", wadda ke kayar da har manya. Ka ce wa aji su rubuta ƙarfe tara saura kwata, za ka ga 9:15, za ka ga 9:45, kaɗan ne za su rubuta 8:45. Maganinsa tambaya ɗaya ce da ake yi kowane lokaci: "Tara ta yi, ko ba ta yi ba tukuna?" Idan ba ta yi ba, to har yanzu a gidan takwas muke.

Tsawon minti ɗaya a jiki ba ya cin lokaci wajen koyarwa. Yara su rufe ido, kowa ya ɗaga hannu idan ya ji minti ya cika. Mafi yawansu tun kafin daƙiƙa 30 hannu ya tashi. A maimaita a kwanaki daban-daban, a kuma auna abubuwan da suka sani, kamar alwala, sharar aji, ko zuwa bakin famfo a dawo. Amfaninsa sai daga baya yake fitowa, ranar da yaro zai dubi amsarsa ya ce wannan ba za ta yiwu ba.

Kayan aikin da ya fi kowanne yi mana amfani shi ne tef ɗin tela, wanda babu lungun Zango da ba za ka same shi ba. Tef na yau da kullum inci 60 ne a fuska ɗaya. Ke nan tef ɗaya awa ɗaya, inci ɗaya minti ɗaya. A duba kafin a saya, domin akwai dogaye masu inci 120. Ɗaya fuskar kuma santimita ce har 150, kuma yara sukan juya su karanta ta ba su sani ba, don haka mukan ja mata layi da jan alƙalami daga farko har ƙarshe, kowa ya san ba ita ake dubawa ba.

Ga yadda ake fara amfani da shi. A lanƙwasa tef ya zama da'ira a kan babban kwali, bakinsa ya haɗu da ƙarshensa. Faɗin da'irar zai kai wajen inci 19. A kafe shi da ƙananan ƙusoshi ko allurai. A inci 5 a rubuta 1 a kwalin, a inci 10 a rubuta 2, haka har inci 60 inda 12 za ta zauna. Fuskar agogo ta fito ke nan, kuma kowace lamba tana da mintinta a gefenta. A nan ne yara ke gane abin da ya sa 12 take zaman 60 kuma take zaman sifili: nan ne bakin tef da ƙarshensa suka haɗu. Sai a cire ƙusoshin a gabansu, a miƙar da tef ɗin a ƙasa. Awa ta zama layi. A ninka shi biyu, ninkin zai faɗa a kan 30. A sake ninkawa, 15 da 45 su fito. Wannan ninki shi ke kashe rabin awa minti 50 da kwata minti 25, kuskuren da lissafin ɗari ke haifarwa. Ba sai ka yi musu da yaro ba, ka miƙa masa tef ya ninka da hannunsa.

Yaro mai wayo zai tambaya, "Malam, me ya sa 60, ba ɗari ba?" Amsar gaskiya ita ce gadon mutanen Babila ne, a ƙasar da ake kira Iraƙi yau, waɗanda suke lissafi da sittin-sittin. Kuma 60 tana rabuwa daidai gida biyu, uku, huɗu, biyar da shida, abin da ɗari ba ta iyawa. A ba shi tef ya ninka uku ya ga 20. Ya isa haka, kada a mai da darasin tarihi.

Daga nan sai baranda. A auna tsawon tef huɗu a jere da alli, wajen mita shida ke nan, a ja babban layi a kowace mahaɗa a rubuta ƙarfe 2, 3, 4, 5, 6. A fara da cikakkun awoyi kawai, kuma a nan ake maganin mai ƙirga wurin da ya tashi. Hanyar da ta fi saurin shiga kansu ita ce ta kwana. "Ka je Tamale ran Litinin, ka dawo ran Laraba. Kwana nawa ka yi?" Duk ajin zai ce biyu, babu mai cewa uku, domin ɗan Bahaushe dare yake ƙirgawa, ba sunan rana ba. Sun kuma san jaririn da aka haifa Talata, Talata mai zuwa ake suna, kwana bakwai. To awa ma haka take. Yaro ya tsaya a kan ƙarfe 2, bakinsa a rufe. Ba zai ce "ɗaya" ba sai ƙafarsa ta taka ƙarfe 3. Idan ya buɗe baki tun yana tsaye a mafari, 'yan'uwansa da kansu za su mai da shi baya.

Mataki na gaba shi ne zuciyar aikin, kuma mun fi daɗewa a kansa. Muna kiransa cike awa. Kusan kowane yaro a nan ya taɓa ganin yadda mai kaya a kasuwar Kejetia ke ba da canji: ka sayi abin sidi 37 ka ba da 50, ba za ta ɗebe ba, cewa za ta yi uku ya cike arba'in, goma ya cike hamsin, ga sha ukunka. Haka za a yi da lokaci, sai dai abin da ake cikewa 60 ne. Tambayoyi uku ne, kullum a jere ɗaya, har yara su riƙa yi wa kansu.

A ce an ɗora wake a wuta ƙarfe 3:50, an sauke 5:20. Yarinya ta tsaya a inci 50 na tef ɗin da ke tsakanin ƙarfe 3 da 4.

"'Yata, saura nawa ƙarfe huɗu ta cika?"

"Minti goma, Malam."

"Taka. Daga huɗu, cikakkiyar awa nawa za ki ci kafin ki wuce wurin sauka?"

"Ɗaya, zuwa biyar."

"Me ya rage?"

"Minti ashirin."

Wani yaro yana allo yana rubuta abin da ta ci: minti 10, awa 1, minti 20. A tara awa daban, minti daban. Awa ɗaya da minti 30.

Idan sun yi da ƙafa har ya zauna, sai a koma littafi. Layi ɗaya a kwance, lokacin farawa a hagu, na gamawa a dama, a ja baka uku a sama, a rubuta abin da kowanne ya ci. Ba a bukatar rula, ba a bukatar tsawon bakan ya yi daidai da mintinsa. Wasu malamai suna tilasta a auna, sai yaro ya ɓata rabin darasi yana gyaran zane. Ni dai ban ga amfanin haka ba.

Wurin da tuntuɓe ke jiran su shi ne tambayar farko. Wanda bai iya cike 60 da ka ba, zai ce daga 35 saura 65, ɗari ta sake leƙowa. Don haka kowace safiya mukan ɗauki minti uku kacal: malam ya ce 35, aji ya ce 25, 48, 12, 5, 55. A fara da masu ƙarewa da sifili da biyar, sauran su biyo baya. Tuntuɓe na biyu yana wajen tarawa. Daga 2:40 zuwa 4:50, yaro zai samu minti 20, awa 1, minti 50, ya rubuta awa ɗaya da minti 70. Lissafinsa daidai ne, bai dai ƙarasa ba, kuma bai kamata a ja masa jan biro kamar wanda ya ɓace ba. A ba shi tef a ce ya nuna 70. Tef zai ƙare a 60, ya bukaci na biyu don ya ci goma. Cikakken tef awa ce, ta koma wajen 'yan'uwanta: awa biyu da minti goma.

Tsallake ƙarfe 12 darasi ne mai zaman kansa, kada a cusa shi cikin na baya. Agogo yana kaiwa 12 ya koma 1, kuma yaron da ya saba lamba tana ƙaruwa yakan rikice. A nan ba a bukatar minti-minti a ƙasa, don haka a ja wani layin mai taku ɗaya kowace awa, daga 4 na asuba zuwa 8 na dare, a yi wa 12 alama mai kauri. Doka ɗaya aka ƙara: duk tafiyar da za ta ratsa 12, a yada zango a 12. Mota ta tashi daga Kumasi 9:35 na safe ta isa Accra 3:10 na yamma. Minti 25 ya cike goma, awa biyu zuwa 12, awa uku zuwa 3, sai minti goma. Awa biyar da minti 35.

Misalin da ya fi kama hankalinsu shi ne azumi, domin ko masu yin rabin yini sun san tsawonsa a cikinsu. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana ba ta nisa da ƙarfe shida wajen fitowa da faɗuwa duk shekara, don haka lambobin ba sa canzawa sosai. A ce alfijir ya keto 4:50, an sha ruwa 6:15. Mai gaggawar ɗebewa zai kawo awa ɗaya da minti 25. Ba sai ka ce komai ba, ka dai tambayi ajin ko akwai wanda ya taɓa yin azumin awa ɗaya da rabi. Dariyar da za a yi ta fi bayani. Sai a taka: minti goma zuwa biyar, awa bakwai zuwa 12, awa shida zuwa 6, minti 15. Awa 13 da minti 25. A watan Ramadan takardar lokutan salla da masallatai ke rabawa ta ishe ka tambayoyin wata guda, kuma amsa tana ɗan motsawa a hankali a cikin watan.

Sha biyun dare haka take, ba sabon abu. Motar dare zuwa Bolgatanga ta tashi 8:30 ta isa 4:45 na asuba: minti 30, awa uku, awa huɗu, minti 45, wato awa bakwai da minti 75, wanda ya koma awa takwas da kwata. Agogon waya mai nuna 16:45 ko 20:30 mukan bar shi sai wannan ya zauna, sannan a rubuta 13, 14, 15 a ƙarƙashin 1, 2, 3 a kan layin nan na ƙasa.

Har zuwa nan tambaya iri ɗaya muke yi, an ba da farko da ƙarshe ana neman tsakani. Akwai iri biyu da suka rage, kuma idan ba a koyar da su daban ba, yaro zai ɗauka sabon lissafi ne. Na farko, an ba da mafari da tsawo, ana neman ƙarshe. An take wasan ƙwallon ƙafa na Kotoko a filin Baba Yara ƙarfe uku daidai. Minti 45, hutun minti 15, wani minti 45, ban da ƙarin alƙalin wasa. Yaushe za a tashi? Mai wayon tarawa zai samu 105 ya karanta ta awa ɗaya da minti biyar, ya ce 4:05. Wanda ya taka layi zai sauka 3:45, sai 4:00, sai 4:45. Yaran da ke bin ƙwallo sukan kama kuskuren tun kafin malam, don sun san ƙarfe huɗu ake dawowa daga hutu.

Na biyu ya fi wuya, domin tafiya ce da baya. Ana son ka kasance a makaranta 7:30, tafiya tana cin minti 25, wanka da shan koko suna cin minti 40, ƙarfe nawa za ka tashi? Yaro ya tsaya a 7:30 ya ja baya zuwa 7:05. Daga nan minti biyar ya kai shi bakwai daidai, saura 35 daga cikin arba'in, ya sauka 6:25. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da biyar ɗin da aka riga aka ci, a cire 40 daga bakwai a ce 6:20. Shi ya sa muke sa su rubuta ragowar a gefe bayan kowane taku. Idan an gama, a juya a taka gaba daga 6:25 a ga ko za a sauka 7:30.

Sai yanzu ɗebewa ta jere take shigowa, domin za su haɗu da ita a littattafai da jarrabawa. Daga 3:50 zuwa 6:10. Ba za a iya cire 50 daga 10 ba, sai a ari awa ɗaya daga shida. Tambayar da ake yi da ƙarfi ita ce, "Tef nawa muka aro, inci nawa ne a cikinsa?" 6:10 ta koma awa 5 da minti 70. A cire 3 da 50, saura awa biyu da minti 20. Sharaɗinmu shi ne duk wanda ya yi ta wannan hanya ya zana layi a gefe ya gwada. Ga kuma abin da ke sauƙaƙa wa malam duba littattafai: idan mintin yaro ya zarce na gaskiya da 40 cif, ɗari ya aro maimakon 60. A wannan tambaya zai rubuta awa biyu da minti 60. Ba sai ka bi layin aikinsa ba, ka san ciwon, ka mai da shi kan tef.

Kalkuletar waya ma ɗari take ara, kuma iyaye da yayye masu taimakon aikin gida su ne ke shigo da ita. Wanda ya danna 6.10 ya cire 3.50 zai ga 2.6, ya ba ƙaninsa ya kwafa. Haka nan 1.5 na awa ba awa ɗaya da minti 50 ba ne, awa ɗaya da rabi ne. Saboda haka a taron iyaye mukan roƙe su abu biyu. Kada a taɓa waya a wannan aiki. Sannan a rataye agogo mai hannu inda yaro zai gan shi, a riƙa jefa masa tambaya a cikin hidimar gida: an ɗauke wuta ƙarfe nawa, an kawo ƙarfe nawa, saura minti nawa a kira Magariba.

Bambancin agogon ƙasashe ba ma taɓa shi sai aji biyar ko shida, ko da yake yara sukan kawo shi da kansu lokacin aikin Hajji, ko idan ana waya da dangi a Kano. Idan ya taso, amsa a taƙaice: layin da duniya ke saita agogo da shi ya ratsa ta Tema, Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa ɗaya, Makka da awa uku, Togo da Burkina Faso kuwa agogonmu ɗaya. A fara mai da lokutan biyu kan agogon ƙasa ɗaya, sannan a ja layi a cike awa kamar kullum.